Kwana Biyu a Birnin Shehu, Daga Kai Sai Ita

Magidancin Boɗinga ko na Shagari ya san Sakkwato kamar yunwar cikinsa. Da safe ya hau mota ya shiga Babbar Kasuwa sarin kaya, ko ya leƙa Kara ya taya ɗan akuya, ko ya bi sawun wata takarda a sakateriya, kafin la'asar ya dawo gida. Matarsa fa? A tambaye ta me ke kai ta birni. Galibi ba ya wuce asibiti, gaisuwar mutuwa ko bikin dangi, kuma duk tafiyar dole ce, da goyo a baya, ana kallon rana kar mota ta ƙare a tasha. Shi ya sa za ka tarar mace ta shekara ashirin da aure a garin da bai kai tafiyar awa ɗaya zuwa Sakkwato ba, amma ba ta taɓa zama da mijinta a birnin sun ci abincin da ba ita ta girka ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, doguwar tafiya ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Amma kwana biyu a Sakkwato, ba jinya, ba ta'aziyya, ba saƙon kowa, abu ne da malamin firamare ko mai shagon tireda zai iya idan ya tsara. Titin da ya taso daga Jega da Tambuwal ya ratsa Shagari da Boɗinga kai tsaye yake shiga birni, mota kuma ba ta yankewa da rana.

Abu na farko da za a yanke shawara a kansa shi ne masauki, kuma a nan yawancin irin wannan tafiya ke lalacewa. Kowa yana da ɗan'uwa a Sakkwato, kuma sauka gidansa kyauta ne. To, amma ku dubi abin da ke faruwa. Da an yi sallama, sai a ja matar zuwa cikin gida, a shimfiɗa wa mijin tabarma a zaure. Kafin ta gama warware mayafi an miƙo mata jariri, can an jima tana gaban murhu tana taya tuƙa tuwo, don kunya ba za ta bar ta ta zauna ana aiki ba. Shi kuwa yana waje ana ta hirar siyasa har sha biyun dare. Ta kwana da matan gida, ya kwana da samari. Ranar komawa su haɗu a ƙofar gida kamar yadda suka rabu. An sada zumunci, an sami lada, sai dai ba abin da aka fito yi ke nan ba. Saboda haka a kama ɗaki. Akwai manyan otal irin su Giginya da Shukura, akwai kuma ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi a unguwanni da dama. A buga waya tun daga gida a ji farashi, a tambayi ƙarfe nawa suke tayar da janareta da lokacin da suke kashe shi, ko suna da sola, kuma ko ruwa na zuwa a bayi. Wanda ya san zafin Sakkwato ya san tambayar wuta ta fi ta talabijin muhimmanci. A riƙe katin shaida, don ana nema a wurin karɓar baƙi. Dangi kuwa a kai musu gaisuwa ranar komawa, a tsaitsaye.

Sai maganar gida. Yara a bar su wurin kakarsu ko ƙanwar uwa, in ban da na goye. A sanar da Inna da wuri, cikin ladabi, kar ta ji a bakin maƙwabta. Mai mata fiye da ɗaya kuwa kar ya kuskura ya yi abin a ɓoye. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ko ƙuri'ar za a yi, ko a fara da uwargida a sa wa amarya ranarta, a faɗa a gaban kowa, a kuma cika. Wanda ya san aljihunsa ba zai ɗauki zagaye biyu ba, ya rage kwanakin ya raba daidai.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kai amfanin gona gida, gari ya yi sanyi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yawo ya zama azaba. A ganina fita ranar Alhamis da safe a dawo Asabar ta fi kowane tsari, don ta haɗa ranar aiki da Juma'a.

Mutanen Boɗinga ma ba sai sun jira birni ba, tarihin daga ƙofar gidansu ya fara. A Sifawa, nan cikin ƙaramar hukumar, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna tun wajen 1810 har zuwa 1815, yana karantarwa yana rubutu, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga. A zamanin zaman Sifawa ne, a 1812, aka raba jagorancin daular, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Abdullahi. Ratsen awa guda a can, a gai da dattawa a roƙe su su nuna wuraren da ake dangantawa da Shehu, zai sa abin da za a gani a Sakkwato ya yi ma'ana. Daga Sifawa Shehu ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817, kuma Hubbare, inda kabarinsa yake, na nan a tsohon gari, ba nisa da fadar Sarkin Musulmi. A nan 'yarsa Nana Asma'u take kwance, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke jagorantar matan ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu. Duk mai cewa fitar matar ƙauye zuwa birni baƙon abu ne, ya tuna kakanninmu mata sun taka wannan hanya da ƙafa.

Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ma'aikatar gwamnati ce, don haka Alhamis ɗin ta fi tabbas. Akwai tsofaffin littattafai rubutun hannu, da wasiƙu, da makaman yaƙi na zamanin daular. Ranar Juma'a maigida ya yi sammakon zuwa Masallacin Bello ya sami sahu. Wuraren ke nan, kuma sun isa. Kar a cika yini da zirga-zirga a Keke Napep har a koma ɗaki a gajiye ba mai iya yi wa wani magana. Wuri ɗaya da safe, barcin rana, sannan a fita da yamma.

Yammar nan ita ce tata. A je wurin madunka ta zaɓi takalmi ko jaka da kanta. Fatar jan akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har ta isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Ta gwada, ta taya, ta ajiye, ta sake ɗauka, kai kuwa ka yi shiru ka daina duba agogo. In akwai sauran rana a bi hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Kwalkwalawa a ga gulbi da fadama da masunta. Da dare a sayi tsire mai zafi da fura da nono, a tafi da su ɗaki. Ka tambaye ta, "Maman yara, me kike son ci?" kuma in ta ce duk abin da ka kawo, ka sake tambaya.

Kuɗin ɗaki shi ne kaso mafi girma, sai abinci, sai mota, sai tsarabar Inna da yara, wadda ba a komawa gida babu ita. A rubuta su a takarda tare, a ware wani abu na ko-ta-kwana, a tara a asusu ko a jira kwasar adashe. Bashi dai kar a ci. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan a aljihu don ranar da intanet ta hana tura kuɗi ta waya. Halin tsaro kuma kowa ya sani: a fita bayan gari ya waye, a dawo tun rana na sama, a tsaya cikin birni, kar a ƙara da wasu garuruwa masu nisa sai an tambayi direbobin da ke bin hanyar a ranar.

Magidanta, kaka na zuwa. Kafin kuɗin gero da albasa su bi ta hannu su wuce, a cire na kwana biyun nan a ba uwargida ta ajiye, a sa rana.