Babi na Shida: Koyon Kiɗa, a Fara da Tafi

Duk kiɗan duniya a kan abu biyu yake tsaye: bugu da kari. Bugu shi ne rabon lokaci, wane sauti zai daɗe, wane zai gajarta, ina za a dakata. Kari kuwa hawa da saukar murya ne. Bugu ne babba a cikinsu, kuma da shi ake fara wa yaro.

Je ka dandali da dare ka kalli 'yan mata suna gaɗa. Ɗaya tana bayarwa, saura suna amshi, tafi bai yanke ba. Ka sa ido kan ƙaramar cikinsu, wadda ba ta wuce shekara biyar ba. Ba ta riƙe baitocin ba tukuna, bakinta motsi kawai yake yi, amma hannunta na sauka daidai inda na yayyenta ke sauka. In ta kuskure sai ta tsaya, ta kasa kunne, ta sake shiga. Ba wanda ya ce mata ta ƙirga. Darasin farko ke nan, ta ɗauke shi ba allo ba malami.

Shi ya sa nake jin haushin maganar nan da ake yawan yi, wai kiɗa da waƙa gado ne, in ba a haife ka a gidan ba kada ka wahalar da kanka. Wane gado Mamman Shata ya yi? Mahaifinsa ba makaɗi ba ne, bai ma so ɗansa ya shiga waƙa ba. A Musawa Shata ya tashi, ya yi tallan goro da alewa, a dandali da kasuwa muryarsa ta gogu, kuma har ya rasu a 1999 ba a sami wanda ya kama ƙafarsa a waƙar kalangu ba. Shi kansa ɗan gadon, ai ba da ganga a hannu ake haihuwarsa ba. Zama yake yi a bayan ubansa shekara da shekaru yana buga ƙaramar ganga, bugu ɗaya tak yana ta nanatawa, sannan ya shiga 'yan amshi, kafin a bar shi ya ja waƙa. Abin da ya gada shi ne yawan ji tun yana goye. Wannan kuwa kowane gida na iya ba ɗansa.

Kuskure na biyu na 'yan boko ne: in ba a sayi fiyano an iya do-re-mi ba, wai ba a fara komai ba. Sunayen nan wani malamin coci ne a Italiya, Guido na garin Arezzo, ya tsara tushensu a ƙarni na 11 don almajiransa su riƙa tuna kari. Dabara ce mai kyau, amma dabarar tuni ce kawai. Manyan masu koyar da yara a Turai ma da kansu suka dawo kan abin da muke da shi. Zoltan Kodaly na Hungari ya ce yaro ya fara da muryarsa da waƙoƙin gargajiya na harshen uwarsa. Carl Orff na Jamus ya gina tasa hanyar kan magana da tafi da buga ƙafa.

Mu kuma muna da wata riba da su ba su da ita. Hausa harshe ne mai karin sauti: kowace gaɓa ko ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗo daga sama, ga kuma gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Da wannan kalangu ke magana. Makaɗi ya rataya shi a hammata, ya matse tsarkiya fata ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, sai ɗan dambe ya ji takensa daga nesa tsigar jikinsa ta tashi, alhali ba a buɗe baki ba. Yaron da ke jin Hausa kunnensa ya riga ya saba da wannan hawa da sauka. Saboda haka a tara yara, a kira sunan kowa, su tafa shi gaɓa-gaɓa. Bayan nan malami ya rufe baki ya yi gunjin sunan wani ba tare da furta shi ba, su canki mai sunan. Za ka sha mamakin saurinsu.

Rubutun kiɗa kuwa layi biyar ne a jere, ana ɗora ɗigo a kansu ko a tsakaninsu. Wanda ya fi sama ya fi zaƙin murya, siffarsa kuma ita ke nuna daɗewarsa. Turawa suna da matakai bakwai, da yawa daga waƙoƙinmu a kan biyar suke tafiya, kamar baƙaƙen maɓallan fiyano. Rubutun nan ya jira sai yaro ya iya karatu.

Iyayen da ke ɗari-ɗari da kiɗa su tuna cewa murya da kari tsofaffin kayan koyarwa ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta isar da ilimi ga matan ƙauyuka ta hannun matan da take turawa su koyar, waɗanda ake kira jaji, kuma har yau da rerawa 'yan Islamiyya ke haddace darasi.

Kayan aiki ba sa buƙatar kuɗi. Ƙwarya ce a kifa a cikin ruwa a buga, irin kiɗan amada da Barmani Choge ta yi suna da shi, ko gwangwani da tsakuwa a ciki, ko sarewar kara. Zama ya zama gajere, a tashi tun yara ba su gaji ba. Abu ɗaya nake roƙon malamai da iyaye: kada a ce wa yaro ba shi da murya a gaban 'yan'uwansa. In ya kauce, a sa shi kusa da wanda ya iya, a maimaita.