Matuƙin Jirgi da Wasan Cyberpunk 2077

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale daga gaɓar Yelwa, ko daga Wara ta ƙasar Ngaski, domin ya tsallaka ruwan Kainji, in ya lura da matuƙin zai ga ba ya saita goshin jirgi sau ɗaya ya naɗe hannu. Idonsa na kan wata itaciya ko wani tudu da ke tsallake. Da zarar iska ko igiyar ruwa ta karkatar da jirgin hagu, sai ya ɗan murɗa filafili, ko hannun inji, ya maido shi dama. Ya duba, ya gyara, ya sake dubawa, haka har a isa. Girkawan dā suna kiran irin wannan mutum kubernetes, wato matuƙin jirgi. Daga wannan kalma aka samo "cyber", wadda a yau ake liƙa wa duk abin da ya shafi kwamfuta da intanet, har da sunan wasan da za mu duba a wannan maƙala.

Yawancin samarinmu ƙwallon ƙafa suka sani a shagunan gem, inda mutum biyu za su kara na ’yan mintoci, wanda aka ci ya tashi. Akwai kuma wani nau’in wasa da ya sha bamban, wanda mai wasa ke shiga rigar wani mutum ya rayu a madadinsa, kamar yadda yaro ke zama tsoho ko malami a wasan tashe. Shi zai zaɓi maganar da mutumin zai faɗa, da wanda zai amince wa, da sana’ar da zai ƙware a kai, kuma kowane zaɓi yana da abin da yake haifarwa nan gaba. Irin wannan wasa ya girmi na’urorin da ake buga shi da su yanzu. A kan tebur aka fara shi, da takarda da fensir da ƙwayar ludo. Wani Ba’amurke mai suna Mike Pondsmith ya fitar da nasa mai suna Cyberpunk a 1988, kuma shi ne kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya mayar wasan kwamfuta, ya fitar ranar 10 ga Disamba, 2020, da sunan Cyberpunk 2077. Ya fito cike da kurakurai, har kamfanin Sony ya janye shi daga kasuwarsa ta PlayStation, bai maido shi ba sai a Yunin 2021.

Ya kamata malamai da iyaye su sani tun daga nan cewa wasan na manya ne. Hukumar da ke tantance wasanni a Turai ta sa masa shekara 18, saboda yana ɗauke da zubar da jini da tsiraici da baƙar magana. Ba tallarsa muke yi wa ɗalibai ba. Abin da ya kawo mu shi ne tambayoyin kimiyya da ke cikinsa, waɗanda sun cancanci a kawo su aji.

Labarin yana faruwa a shekara ta 2077, a wani ƙagaggen birni mai suna Night City da ke gaɓar Kalifoniya, inda kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi. Mai wasa yana zama wani sojan haya da ake kira V. A wannan birni mutane kan je wurin likitocin bayan fage a cire musu ido lafiyayye a sa na inji, ko a musanya musu hannu da na ƙarfe. Motar asibiti kuwa ba ta ɗaukar wanda bai biya kuɗin rajista ba, ko da zai mutu a bakin titi. V ya shiga wata sata a kan kamfanin Arasaka, abin ya ɓaci, ya ƙare da wata ’yar na’ura maƙale a kansa. A cikinta an adana tunani da halayen wani mawaƙi ɗan tawaye, Johnny Silverhand, wanda ɗan wasan fim Keanu Reeves ya fito a matsayinsa. Na’urar ta fara goge V a hankali tana rubuta Johnny a gurbinsa. Sauran wasan duk neman mafita ne, wato mutum biyu a jirgi ɗaya suna jayayya a kan filafili.

To, yaya aka yi kalmar matuƙin jirgi ta iso nan? Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin lissafi na jami’ar MIT a Amurka, Norbert Wiener, ya yi aiki a kan yadda bindigar kakkaɓo jirgin sama za ta riƙa bin jirgin da ke kauce-kauce. Ya lura dole na’urar ta auna tazarar da ke tsakanin inda take nufi da inda ya kamata ta nufa, ta rage tazarar, ta sake aunawa. Shi da abokinsa likita ɗan Meziko, Arturo Rosenblueth, suka gane cewa jikin mutum ma haka yake yi in zai ɗauki fensir ko moɗa. Hujjarsu ita ce, wanda ya sami lahani a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, in ya miƙa hannu zai ɗauki abu, sai hannun ya zarce, ya dawo ya sake zarcewa, yana lilo, tamkar sabon matuƙi da ke wuce kima wajen gyara har jirgi ya riƙa tafiyar maciji. A 1948 Wiener ya wallafa littafi a kan wannan ilimi, ya raɗa masa suna Cybernetics. Mu a nan za mu kira ƙa’idar duba-ka-gyara.

Misali mafi girma na wannan ƙa’ida yana ƙarshen tafkin ta kudu, a madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, mai injuna 8 da aka tsara su ba da megawat 760. Wutar Nijeriya tana kai-komo sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma tilas ne injunan su riƙe wannan gudu. Idan magariba ta yi, gidaje suka kunna fitilu, nauyi yakan ƙaru, injin ya nemi sassautawa. Nan take wata na’ura da ke auna gudunsa za ta ƙara buɗe ƙofofin da ruwa ke bi ya bugi farfela, in nauyi ya ragu kuma ta tsuke su. Turawa suna kiran wannan na’ura da sunan da muka aro muka ce gwamna, kuma ita ma kalmar daga kubernetes ta samo asali, ta hanyar Latin. Ashe gwamna da matuƙin kwalekwale da "cyber" duk ’yan gida ɗaya ne.

Mai wasan gem shi ma yana cikin irin wannan zagaye. Na’urar tana zana hoto sabo sau 30 ko 60 a daƙiƙa, ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, saƙo ya bi laka ya sauka yatsa, yatsa ya danna, na’ura ta sake zana wani hoton bisa abin da aka danna. A cikin wasan akwai wani dashe mai suna Sandevistan, wanda in V ya kunna shi sai ya ga abokan gaba suna motsi kamar a cikin ruwa. Masu tsara wasan dabara kawai suka yi, suka rage gudun duk abin da ke kan allo ban da V. A zahiri saƙo a jijiya mafi sauri bai wuce kimanin mita 120 a daƙiƙa ba, kuma yana ɗan jinkiri a duk mahaɗar da ya ratsa. Malami zai iya nuna wannan a aji da rula kawai. Ɗalibi ɗaya ya riƙe rula a tsaye ta sama, na biyu ya buɗe yatsu biyu daidai kan sifiri ba tare da ya taɓa ta ba. Na farko ya sake ta ba zato, na biyu ya cafke. Idan ta faɗi santimita 20 kafin ya kama, lissafin faɗuwar abu ya nuna ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci, na’urar da ke zana hoto 60 ta riga ta zana 12. Babu wani dashe a duniya yau da ya iya gajarta wannan jinkiri yadda wasan ya nuna.

Maganar hannun ƙarfe ta fi kusa da gaskiya. A 2004 aka dasa wa wani Ba’amurke mai suna Matt Nagle, wanda jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, wani ɗan faranti mai tsinkayen lantarki kusan 100 a ƙwaƙwalwa, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da tunani. Amma ba da umarni rabin aiki ne. Hannun da ba ya jin abin da ya taɓa kamar matuƙi ne da aka ɗaure wa ido, ko dai ya murƙushe ƙwai ko ya sake shi ya faɗi. A Jami’ar Pittsburgh an dasa wa wani mai suna Nathan Copeland tsinkaye iri biyu, ɗaya na aika umarni zuwa hannun inji, ɗaya na maido da jin taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa. Rahoton da aka buga a 2021 ya nuna lokacin da yake ɗauka ya kama abu ya matsar da shi ya ragu daga kimanin daƙiƙa 20 zuwa 10 da aka kunna jin taɓawar. A ganina, wannan gwaji ya fi duk wani bayani nuna gaskiyar Wiener.

Inda wasan ya rabu da kimiyya gaba ɗaya shi ne wajen na’urar da ke kan V. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana haɗe da dubbai. Dashen da kamfanin Neuralink ya fara sa wa mutum a Janairun 2024 yana da bakin lantarki 1,024 ne. Wanda ya tsoma ƙwarya a bakin ruwa a Shanga ya fi kusa da auna tafkin Kainji a kan yadda wannan dashe yake kusa da karanta ƙwaƙwalwa duka. Ko taswirar haɗe-haɗen jijiya ma aiki ne ja. A 1986 aka wallafa ta wata ’yar tsutsa mai ƙwayoyi 302, sai a 2024 aka kammala ta ƙwaƙwalwar ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen ayaba da mangwaro, mai ƙwayoyi kimanin 139,000. Kuma samun taswira daban, sanin abin da ke gudana a cikinta daban, kamar yadda taswirar titunan Yelwa ba za ta faɗa maka abin da ake ciniki a kasuwa ba. Saboda haka kwafe tunanin mutum a zuba cikin na’ura, balle a juye shi cikin kan wani, tatsuniya ce zalla.

Abin mamaki shi ne, ɓangaren wasan da na ɗauka ƙari ne na masu labari, wato kamfani ya zama shi ke da iko da sassan jikin mutum, shi ne ya riga ya faru. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani dashen ido mai suna Argus II, na kamfanin Second Sight, domin masu wata cutar makanta ta gado. Kyamara a jikin tabarau tana ɗaukar hoto, ta aika shi zuwa bakin lantarki 60 da aka shimfiɗa a tantanin bayan ido. Abin da mutum ke gani ɗige-ɗigen haske ne kurum, amma ya isa ya gane bakin ƙofa ko inuwar mutum. Fiye da mutum 350 aka sa wa na’urorin kamfanin. Daga baya ya daina ƙera su, a 2020 kuma ya kusa durƙushewa, ya sallami yawancin ma’aikatansa. Aka bar mutane da na’ura a cikin ido, ba tabbacin gyara in ta lalace, cire ta kuma sai da tiyata mai haɗari. Na’urar ba ta gaza ba, zagayen duba-ka-gyara na tsakanin ido da ƙwaƙwalwa yana aiki. Wanda ya tsinke shi ne na tsakanin majinyaci da masu yanke shawara, domin kukansa ba ya komawa wurinsu ya sauya kome.

Mutanen bakin tafki ba baƙi ba ne ga irin wannan lamari. A shekarun 1960 madatsar Kainji ita ce fasahar gobe, kuma ta haskaka birane masu nisa. Amma da ruwa ya taru, sai da aka tashi mutane fiye da 40,000. Tsohon garin Busa ya nutse, Gungawa kuma suka bar tsibiran da suka gada, inda suke su da noman albasa, suka koma sababbin matsugunai a tudu. Ni kaina sai da na shafe makonni kafin in kai ƙarshen labarin da bai wuce sa’a 25 zuwa 30 ba, saboda ɗauke wuta, alhali ruwan da ke juya injunan yana nan kusa.

Wasan yana da ƙarshe iri-iri, gwargwadon amintakar da mai wasa ya ƙulla da alƙawuran da ya cika ko ya saɓa a hanya. A wanda na fara isa, V ya amince da kamfanin Arasaka, aka kai shi wata tasha a sararin samaniya aka raba shi da Johnny. Bayan gwaje-gwaje sai aka gaya masa ɓarnar ta riga ta yi nisa, abin da ya rage masa bai wuce wata shida ba. Aka ajiye masa takardar yarjejeniya: ko ya sa hannu a kwafe tunaninsa a adana a rumbun kamfanin, ya zama mallakarsu har ranar da za a samo masa wani jiki, ko ya koma duniya ya ƙarasa kwanakinsa. Layi biyu ne kawai a kan allo, babu agogon da ke ƙirga lokaci, babu wanda za a harba. Na fi minti goma riƙe da madanni kafin na zaɓi komawa.