Koya wa Yara Shuka Wake a Bayan Gida

Yau maganarmu ba ta allura ba ce, ba kuma ta ƙwayar magani ba, ta wake ce.

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana yaro a ɗakin shan magani ba, wanda bai daɗe da yaye ba, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa sai kuka. Uwar ta ce ai yana ci, kullum ba ya rasa koko da tuwo. Gaskiya ta faɗa. Amma koko da tuwo ƙarfi suke bayarwa, abin da ke gina tsoka kaɗan ne cikinsu. Wannan ita ce tamowa mai kumburi. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana ta a Akra ta ƙasar Gana cikin 1933, daga baya ta kira ta da sunan da mutanen wurin suka san ta da shi, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Yaron da ya riga ya kumbura, a kawo shi asibiti maza. Maganar wake ta rigakafi ce.

Nama da kifi da ƙwai da madara duk suna gina jiki, amma ba kowane gida ke samunsu kullum ba. Wake kuwa namu ne. In ka kasa busasshen wake kashi 4, wajen kashi 1 abin gina jiki ne, na gero da dawa bai wuce rabin haka ba. Kuma abin da hatsi ya gaza da shi wake na cikawa, shi ya sa haɗa su ya fi cin kowanne shi kaɗai.

To, wani zai ce ai muna noma wake a gona, me ya kawo yara ciki? Waken gona na maigida ne, yawancinsa buhu yake shiga ya tafi kasuwa. Wanda yaro ya shuka a bayan ɗaki ba ya isa awo, saboda haka tukunya yake shiga. Sa'ad da muke makarantar mishan, kowane ɗayanmu yana da fangalinsa da sunansa a jikin itace, kuma ban taɓa ganin yaron da ya ƙi cin abin da ya shuka da hannunsa ba.

Ga yadda za a yi. A ba yaro wuri nasa na kansa, taki 3 a tsawo, taki 2 a faɗi ya isa, inda rana ke samu, ruwa kuma ba ya kwanciya, gama wake ba ya son jiƙa. Kada wurin ya zama kusa da salga ko makwararar ruwan wanka. Kafin a sa iri a ƙasa a kewaye shi da kara ko ƙaya, in ba haka ba akuya za ta riga ku girbi. Babba ya yi masa kunya 2 ko 3, sauran aikin a bar masa.

A jira damina ta kankama, wajen watan Yuli a yawancin ƙasarmu. A nemi iri mai saurin nuna, wanda ke isa girbi cikin kwana 60 zuwa 70, irin waɗanda ake samu daga cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya. Kanannado wake ne mai kyau, amma sai ƙarshen damina yake fure, haƙurin yaro kuwa bai kai nan ba. Ya sa ƙwaya 3 a kowane rami, zurfin gaɓa 2 na yatsa, tsakanin rami da rami taƙin babba ɗaya. Cikin kwana 4 ko 5 zai ga tsiro. Ku gargaɗe shi kada ya tona. Ɗana na fari sai da ya tone ramuka 6 don ya ga ko sun farka. Bayan mako 2 ya cire guda, ya bar 2 mafi ƙarfi, ya kuma riƙa cire ciyawa.

Wake ba ya bukatar taki da yawa. Ku tumɓuke guda ɗaya ku nuna wa yaro saiwarsa, zai ga waɗansu 'yan ƙululai manne da ita. Cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu jawo abincin shuka daga iska su ba waken. Dalilin da ya sa kakanninmu ke sa wake tsakanin gero ke nan. In za a zuba takin gida, a zuba wanda ya ruɓe sarai, yaro kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Ya sa takalmi, don akwai tsutsar ciki mai shan jini da ke shiga ta fatar ƙafa.

Maganin feshi kuwa, ina roƙonku, kada ya kusanci wannan wuri. Ɗan fili ne, yaro na iya bin sa kowace safiya ya tsince tsutsa da hannu, ya wanke darɓa da ruwan sabulu.

Tun kafin wake ya nuna, ana iya tsinkar ganyensa mai taushi kaɗan-kaɗan a sa a miya. In kwasfa ta bushe ta yi haske, ya roro, ya shanya, ya ɓare da kansa. Iyaye mata, nan naku aikin ya zo. Jariri nono kaɗai zai sha har wata 6. Daga nan, a surfa waken a cire ƙaiƙayin, a dafa shi ya yi luguf, a dama cokali 1 ko 2 cikin kununsa da ɗan man ja ko man gyaɗa. Manyan yara kuma a yi musu alale ko ɗan wake, a faɗa a gaban kowa cewa waken wane ne ake ci.

A bar masa tafin hannu 2 na iri don baɗi. Ya shanya shi ya bushe ƙwarai, ya gauraya da toka mai sanyi, ya cika kwalba har wuya, ya toshe bakin sosai yadda iska ba za ta shiga ba, don ƙwaron wake ba ya rayuwa inda babu iska. A rataye kwalbar inda ƙannensa ba za su kai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ruwan sha.