Gajiyar Ma'aikatan Jinya: Tsimin Da Ke Jawo Hasara A Ɗakunan Yara

A lissafin kowane asibiti, na gwamnati ko na 'yan kasuwa, albashin ma'aikata na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi, kuma ma'aikatan jinya su ne suka fi yawa a cikinsu. Saboda haka duk lokacin da aljihu ya yi ƙasa, a kansu ake fara tsimi: a dakatar da ɗaukar sababbi, a raba wa waɗanda suka rage gadajen waɗanda suka tafi. Sai dai binciken da masana suka shafe fiye da shekara 20 suna yi ya nuna cewa irin wannan tsimi bashi ne da ake biya da ruwa, kuma ɗakunan yara na cikin wuraren da biyan ya fi tsanani.

Abin da masanan ke aunawa ya wuce gajiyar da barcin dare ɗaya ke warkarwa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba, ta kuma ambaci alamominsa uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga zuciyar mai yinsa, da raguwar ƙwazo.

Wani bincike da ya ɗora adadi a kan lamarin shi ne na Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pensilbaniya a Amurka, wanda aka buga a shekarar 2002. Ita da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 da ma'aikatan jinya fiye da 10,000. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana ƙara yiwuwar ta faɗa cikin matsananciyar gajiya da kashi 23 cikin ɗari, yana kuma ƙara yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari.

Wancan bincike a kan manya aka yi shi. A shekarar 2013 wani ayarin masana a ƙarƙashin Heather Tubbs-Cooley ya juya ga yara, inda ya duba bayanan yara fiye da 90,000 a asibitoci 225 na Amurka. Sakamakon ya nuna cewa ƙarin majinyaci ɗaya ga kowace ma'aikaciya yana ƙara yiwuwar a sake kwantar da yaro tsakanin kwana 15 zuwa 30 bayan sallama da kashi 11 cikin ɗari, ga wanda aka yi wa tiyata kuwa da kashi 48 cikin ɗari.

Dalilin da ya sa yara suka fi jin jiki ba boyayye ba ne. Ana auna maganin yaro ne gwargwadon nauyinsa, don haka kuskure kaɗan a lissafi yana iya zama babba. Jariri ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, kuma jikinsa kan rikice cikin ɗan lokaci, sai idon da ke kansa ne zai lura da sauyin numfashi ko na zafin jiki. Bugu da ƙari, ma'aikaciyar jinya ce ke koya wa uwa yadda za ta ba da magani da alamomin da za su sa ta komo asibiti da gaggawa. Idan aiki ya yi yawa, wannan bayani na cikin abin da ake fara tsallakewa.

An ga haka da ido a nahiyar Afirka. A wani bincike da aka buga a shekarar 2020, masana sun zauna a ɗakunan jarirai na asibitoci shida a Nairobi ta ƙasar Kenya, suna lura da jarirai 216. Sun tarar cewa a matsakaici kashi 60 cikin ɗari ne kawai na ayyukan jinyar da suka kamata ake kammalawa, kuma giɓin ya fi faɗi a inda ma'aikaciya ɗaya ke riƙe da jarirai 12 ko fiye.

Tambayar da ɗan kasuwa zai yi ita ce ko ƙara ma'aikata yana mayar da kuɗinsa. Jihar Kuwinsland ta Ostareliya ta ba da misali. A shekarar 2016 ta kafa dokar cewa a ɗakunan manya na asibitoci 27 kada ma'aikaciya ta wuce majinyata huɗu da rana, bakwai da dare. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2021 ya ƙiyasta cewa ƙarin ma'aikatan ya ci kimanin dalar Ostareliya miliyan 33 cikin shekara biyu, amma kuɗin da aka tsirar ta hanyar rage kwanakin jinya da sake kwanciya ya kusan kai miliyan 70. Tun kafin nan, daga shekarar 2004, jihar Kalifoniya ta Amurka ta ƙayyade yara huɗu ga kowace ma'aikaciya a ɗakin yara.

A Nijeriya lamarin ya haɗu da ficewar ƙwararru. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Duk wadda ta tafi, gadajenta kan koma wuyan wadda ta rage, ita ma gajiya ta sa ta soma neman hanyar fita.

Da yake fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin neman lafiya a ƙasar nan daga aljihun iyalai yake fitowa, yawancin hasarar ba ta bayyana a littafin asibiti. Tana bayyana ne a kuɗin gado da na magani karo na biyu, da rumfar da uwa ta rufe a kasuwa don zaman jinya, da kwanakin da uba ya rasa a wurin aiki.

Saboda haka yawan yaran da ke hannun kowace ma'aikaciyar jinya, musamman a aikin dare, adadi ne da ya cancanci shiga lissafin masu asibitoci, da kamfanonin inshorar lafiya, da masu masana'antun da ke zaɓar wa iyalan ma'aikatansu asibiti. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma alƙaluman da aka tattara daga Pensilbaniya zuwa Nairobi sun nuna cewa a ɗakin yara abin da ake hasara ya wuce ado.