Mai Harhaɗa Magunguna da Mai Ciwon Sukari

Zazzaɓin cizon sauro yakan sauka bayan an sha magani kwana uku. Ciwon sukari kuwa zama yake yi da mutum, don haka maganinsa ma na kullum ne. Cutar tana samuwa ne idan jiki ya kasa samar da isasshen sinadarin insulin, ko ya kasa aiki da shi, sai sukari ya taru a cikin jini. Haɗarinta shi ne ba ta cika yin zafi da farko ba. Majiyyaci yakan ji garau ya ajiye magani, alhali sukarin yana can yana ɓata jijiyoyin ido, da ƙoda, da ƙafa.

A rahotonta na 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu cututtuka masu daɗewa ne kawai ke shan magani bisa ƙa'ida. Dalilan sun haɗa da mantuwa, da tsada, da wahalar da maganin kan jawo.

A nan ne mai harhaɗa magunguna yake da rawar takawa, domin majiyyaci ya fi yawan ganinsa bisa ga likita. Shi zai bayyana masa cewa metformin kan dami ciki, amma shan sa tare da abinci yana rage wannan. Glibenclamide kuwa yana iya sauke sukari fiye da kima idan aka sha shi ba a ci komai ba, abin lura ga mai azumi. Shi zai gargaɗe shi cewa zafi yana lalata insulin.

An gwada wannan hanya a garin Asheville na Amurka tun daga 1997. Ma'aikatan hukumar garin masu ciwon sukari sun riƙa ganawa da masu harhaɗa magunguna a kai a kai, aka kuma ɗauke musu kuɗin maganin. An bi sawunsu da awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, saboda jajayen ƙwayoyin jini kan rayu kwana 120. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna awon fiye da rabinsu ya gyaru, kuɗin jinya kuma ya ragu.

Saboda haka, ɗalibin da ke karɓo wa mahaifinsa magani kada ya juya sai ya tambayi lokacin sha, da abin da za a yi in an manta.