Masu keke a Tofa: Gajeren wando ko dogo?

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, lamarin da ya sa mutane da dama a ƙauyukan ƙaramar hukumar Tofa ta jihar Kano suka koma ga kekunansu domin zuwa gona da kasuwa, ko shiga birni neman abinci.

Sai dai tafiya mai nisa a kan keke tana zuwa da batun sutura.

A ƙasashen Turai, masu zuwa aiki kan keke sukan sa gajeren wando lokacin zafi, saboda yana barin iska ta ratsa jiki, kuma babu abin da sarƙar keke za ta kama.

Zafin Kano kuwa yakan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyas a watan Afrilu, amma da wuya a ga magidanci a Tofa ya hau keke cinyoyinsa a waje.

Dalili na farko shi ne addini. A mazhabar Malikiyya da akasarin jama'ar yankin ke bi, al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kuma mai keken da Azahar ta riska a hanya yana bukatar tufafin da zai shiga sahu da su.

Akwai kuma mutunci, domin a ƙasar Hausa gajeren wando suturar yara ce da 'yan ƙwallo.

To amma dogon wando ma yana da nasa haɗarin. Sarƙar keke tana ɓangaren dama ne, kuma idan ƙafar wando mai faɗi ta shiga tsakaninta da haƙoran da take bi, takan yage ko ta ɓaci da baƙin mai, wani lokaci ma ta kayar da mahayin, musamman idan ya ɗauko buhu a baya. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix sukan zo da murfin sarƙa, amma sau da yawa idan ya lotse sai a cire shi, ba a mayarwa.

Shi ya sa masu keke kan naɗe ƙafar wandon dama zuwa ƙwauri, ko su ɗaure ta da robar da aka yanka daga tsohon tif, sannan su tattare rigarsu kada ta shiga tayar baya.

Waɗanda ke ɗage wandonsu sama da idon sawu saboda bin sunna, su kam tela ya riga ya rage musu wannan aiki.

A watannin Disamba da Janairu kuwa, sanyin hunturu da ƙura kan sa wasu su haɗa wando biyu kafin su fita da asuba.