Kafin Ka Kira Dillali, Zagaya Gidanka Kamar Baƙo



Bara muka sa gidan gadonmu na Doguwa a kasuwa. Mai saye na farko ko ɗaki bai shiga ba. Tun daga zaure ya ga bango ya sha ruwa, kwano ya yi tsatsa, sai ya taya rabin kuɗi. Mu takwas ne magada, ka ga kowa sai ya ji a jikinsa.

To ga abin da na koya. Nan kudancin Kano mun fi arewacin jihar samun ruwan sama, shi ya sa rufi ake fara dubawa. Muka canza kwanon da ke yoyo, muka gyara indararo, muka yaɓe gindin katanga. Muka yashe kwata, muka kai awaki maƙwabta, muka kwashe tarkacen tsakar gida, sai gidan ya ƙara faɗi a ido. Fenti ne na ƙarshe. Amma kar ka rufe tsagar bango da fenti ka yi shiru, wannan algus ne.

Sai takardu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a karkara. Ka tanadi taka, da sa hannun duk magada, da shaidar mai unguwa. La'adar dillali kuwa, ku tsayar da ita tun farko.

Bayan gyaran nan, mutumin da ya taya rabi shi ya dawo ya saya, ba tare da dogon ciniki ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.